Injin jirgin ruwa ya ƙi tashi: kik ne ko batir?

A Tafkin Kainji, injin da ya mutu a tsakiyar ruwa kuma ya ƙi tashi yana jefa fasinjoji cikin haɗari. Sau da yawa kuwa ana ɗora wa kik laifin da ba nasa ba.

Bincike yana farawa ne daga sautin da aka ji yayin murɗa makulli. Idan shiru ne, a duba fiyus da giya, domin yawancin injuna ba sa tashi sai a firi. Ƙarar "ƙas-ƙas" alama ce ta batir mai rauni, ko tsatsa a kawunansa. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Idan kuwa kik yana juyi a banza, haƙoransa ba su kama injin ba, lokacin kwance shi ya yi.