Idan Sankarar Huhu Ta Haura Ƙwaƙwalwa

'Yan uwa, a zangunanmu idan magidanci ya faɗi yana farfaɗiya, ko ɓarin jikinsa ya mutu, ko halinsa ya sauya dare ɗaya, akan ce iska ce ko sammu, a shiga neman rubutu da turare. To amma idan mai wannan hali ya daɗe yana tari yana ramewa, musamman in ya sha maganin tarin fuka bai ji sauƙi ba, wajibi ne mu tuna da sankarar huhu, domin a cikin cututtukan daji ita ce ta fi yawan bin jini ta yi 'ya'ya a ƙwaƙwalwa. Yawancinta taba sigari ke jawo ta, amma takan kama wanda bai taɓa sha ba.

Sauran alamun su ne ciwon kai mai tsanani da asuba, amai, da ruɗewar magana ko gani. Hoton ƙwaƙwalwa na MRI ko CT shi ke tabbatar da lamarin.

Likita yakan fara da dexamethasone don sace kumburi, sau da yawa a ga sauƙi cikin 'yan kwanaki, amma ba ya kashe cutar. Idan ƙullutun ɗaya ne babba a wurin da hannu zai kai, akan cire shi da tiyata. Idan ƙanana ne kaɗan, akan auna su kaɗai da gashi mai ƙarfi, dabarar da likitan Suwidin Lars Leksell ya ƙirƙiro. Idan sun bazu, sai a gasa kan gaba ɗaya, galibi sau 5 ko 10. A nan Ghana ana yin gashi a asibitin Korle Bu na Accra da na Komfo Anokye a Kumasi.

Haka kuma ya kamata iyali su tambayi likita ko za a gwada tsokar da aka tsakuro. Idan aka sami sauyin halitta da ake kira EGFR, akwai ƙwayar sha, osimertinib, wadda Amurka ta amince da ita a 2015, tana ratsawa har ƙwaƙwalwa, sai dai tana da tsada ƙwarai.

Gaskiya warkewa sarai ba kasafai ake samu ba. Abin da magani ke ƙarawa shi ne kwanaki cikin hayyaci, mutum ya yi sallarsa, ya gane 'ya'yansa, ya bar wasiyya. Jinkiri ke raba majiyyaci da wannan. Mu yi addu'a, mu kuma garzaya asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.