Bitamin D: Mu San Ma'auni Kafin Mu Kai Ƙwaya Baki

Kwalaben bitamin D sun yawaita a gidajenmu. Wasu likita ne ya rubuta musu, wasu a kemis suka saya, wasu kuma tsaraba ce daga 'yan uwa mazauna ƙetare. Galibinmu sunan maganin kawai muke dubawa, ba ma kula da lambobi da haruffan da ke biye da shi, alhali a nan ne amfani da cutarwa suke rabuwa.

Bitamin D shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam, wanda da shi ƙashi yake ƙarfi. Fata tana samar da shi idan rana ta taɓa ta, ana kuma samun kaɗan a kifi mai maiƙo, gwaiduwar ƙwai da hanta. Tsofaffi, da jarirai masu shan nono zalla, da matan da ke yawan zama a ɗaka ko suke lulluɓe jiki duka idan za su fita, suna cikin waɗanda yake iya yi wa ƙaranci. Shan hantsi a tsakar gida, hannuwa da ƙafafu a buɗe, yana taimakawa, kuma bai saɓa wa sutura ba.

Ma'auni uku ake gani a jikin kwalba. Na farko IU, ma'aunin ƙarfin magani da ƙasashe suka amince da shi. Na biyu mikrogiram, ana rubuta shi mcg ko µg. Mikrogiram 1 daidai yake da IU 40, don haka mcg 10 shi ne IU 400, mcg 25 kuma IU 1,000. Na uku miligiram, wato mg, wanda ya ninka mikrogiram sau 1,000. Miligiram 1 na bitamin D IU 40,000 ke nan. Harafi ɗaya ne ya raba mcg da mg, amma tazararsu ta fi ta gwangwani da buhu.

Cibiyar nazarin likitanci ta Amurka, a rahotonta na 2011, ta ƙayyade buƙatar yini: IU 400 ga jariri har ya cika shekara, IU 600 daga shekara 1 zuwa 70, IU 800 ga wanda ya haura 70. Ta kuma sanya IU 4,000, wato mcg 100, a matsayin iyakar da babba ba zai wuce a yini ba sai da umarnin likita. Iyakar jariri ɗan ƙasa da wata shida IU 1,000 ce.

A nan za mu ja hankalin iyayen gida kan abu biyu. Akwai ƙwaya mai IU 50,000, wadda likitoci kan rubuta a sha sau ɗaya a mako, na 'yan makonni, ga wanda gwajin jini ya nuna ƙarancinsa. Wanda ya mayar da ita ta kullum ya ninka iyakar yini fiye da sau 12. Sai maganin ɗigawa na jarirai: wani ɗigo ɗaya tak ke ɗauke da IU 400, wani kuma sai an cika mililita 1. Uwar da ta saba da na biyu, in aka canja mata da na farko ba ta lura ba, za ta ɗura wa ɗanta rabon makonni a zama ɗaya.

Haɗarin kuwa shi ne, jiki yana taskace rarar bitamin D a cikin kitse, fitsari ba ya wanke ta. Idan ta taru, kalsiyam ya yi yawa a jini, sai tashin zuciya, amai, ƙishirwa, yawan fitsari da kasala su biyo baya, har ta kai ga tsakuwar ƙoda ko lalacewarta. Kowane allazi da nasa amanu.

Kada kuma mu ga ƙafafun yaro sun lanƙwashe mu yanke cewa bitamin D ne ya rasa. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa yara masu laushin ƙashi a can sun fi samun sauƙi da kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, a kan bitamin D zalla. Asibiti ne zai tantance.

Masu tambaya game da halacci su sani, yawancin nau'in D3 daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi, D2 kuma daga yis ko naman kaza. Abin lura shi ne kwanson ƙwaya mai laushi, domin ana yin wasu da jelatin na shanu, kifi ko alade. Sai a karanta, ko a tambayi mai harhaɗa magani. A watan azumi, a sha shi tare da abinci mai ɗan maiƙo, a buɗa-baki ko sahur, don ya fi shiga jiki.

Lafiyar iyali amana ce a wuyanmu. Kafin mu buɗe kwalba, mu duba lambar NAFDAC, mu karanta adadi da haruffansa, mu tabbatar ko na yini ne ko na mako. Ɗalibanmu kuma su riƙa karanta wa iyayen da ba su iya boko ba. Allah Ya ƙara mana lafiya mai amfani.