Koyon Ingilishi ba mushe: kunne kafin littafi

Duk wanda ya yi lakwal a Nijar yana da jari in zai koyi Ingilishi da kansa. Bayan da Normandawa daga Faransa suka ci Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci sun shiga harshen. "Table" da "nation" rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu.

Tarkon yana wurin furuci. Mai dogaro da littafi kaɗai yakan faɗe su da bakin Faransanci, har abokin ciniki a Legas ko Akra ya kasa gane shi. Maganin shi ne sauraro: minti 20 kullum na rediyo ko bidiyo a salula, ana maimaita abin da aka ji.

A yi hattara kuma: "library" ɗakin karatu ne, "librairie" kuwa shagon sayar da littattafai.