Kayan Fatsan Amurka A Bakin Kogin Yapei

A cikin kayan da 'yan'uwanmu mazauna Bronx suka aiko gida bara, akwai wani ɗan akwatin roba da ya ɗaure wa mutanen gidanmu kai a nan Dungu. Da aka buɗe shi sai ga ƙananan kifaye na roba da na katako, kore da ja da ruwan azurfa, kowanne da ƙugiya mai baki uku a cikinsa da wutsiyarsa. Ga tanar roba mai santsi, ga wasu ƙarafa masu ƙyalli kamar cokula. Yara suka ɗauka kayan wasa ne, sai da ƙugiya ta kama yatsan ɗayansu sannan aka ɗaga akwatin zuwa kan kwaba. Tare da shi akwai sanduna biyu, kowace da kwarkwaron naɗe zare. Saƙon da ya biyo kayan ya ce wai haka ake fatsa a can ranar hutu, mu ma mu gwada.

To, mun gwada. Kuma da yake mun ji cewa irin waɗannan kaya sun fara shigowa hannun samarin Zango, wasu ta hanyar 'yan'uwa, wasu daga cikin dilar gwanjo, muka ga ya kamata mu gaya wa masu karatu abin da ya same mu, don kada wani ya yi asarar kuɗinsa, ko abin da ya fi kuɗi.

Abu na farko da ba mu sani ba shi ne, an ƙera kayan nan ne saboda kifi guda, wanda Amurkawa ke kira bas. Kifi ne mai faɗin baki da ke farautar ƙananan kifaye da kwaɗi a tabkuna, kuma kamunsa don nishaɗi babbar harka ce a ƙasarsu, har da gasa da kyaututtuka. Amma fa ba wani ƙaton kifi ba ne. Wanda aka daɗe ana ji da shi an kama shi ne a Jihar Jojiya a 1932, nauyinsa kilo 10 da 'yan kai, kuma sai a 2009 aka samu kamarsa a ƙasar Japan. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce kilo ɗaya zuwa biyu ba. Saboda haka zaren da ke bisa kwarkwaronmu, da siraran ƙugiyoyin nan, duk an auna su ne da wannan nauyi. Mu kuwa ba mu da bas a kogunan arewacin Ghana. Abin da muke da shi mai irin halinsa shi ne giwan ruwa, wanda sunansa kaɗai ya isa gargaɗi. Yakan kai tsawon mutum har ya wuce. A Tabkin Nasar na Masar an kama wani da sandar fatsa a shekarar 2000 mai kilo 104. A gasar su ta Argungu, wadda aka faro tun 1934, kifin da ya ci gasar 2005 kilo 75 ne.

Ba mu fara da kogi ba. Ranar wata Asabar muka ɗauki sanduna muka nufi wani dam da ba shi da nisa da gida, inda mata ke ɗibar ruwa, shanu na sha a ɗaya gefen. Muka yi ta jifa muna naɗewa tun hantsi har azahar, ko taɓawa ba a yi ba. Kusa da mu kuwa wasu yara uku da sandar gora da totuwar kara da gwangwanin tana sun kusa cika roba da karfasa. Suna kallonmu, suna danne dariya. Daga baya muka gane dalili. Koton ƙarya da ido ake cinsa, ruwan dam ɗin kuwa ja wur yake da laka. Tarwaɗa da gashin bakinta take laluben abinci, wari take bi, ba ruwanta da fenti. Karfasa kuma ƙaramin baki gare ta, yawancin cinta gansakuka ne da ƙananan ƙwari. Wanda zai yi fatsa a dam-dam ɗin da ke kewaye da Tamale ya bar akwatin Amurka a gida, ya nemi ƙaramar ƙugiya da tana ko gara, ko hanjin kaza in tarwaɗa yake so. Ya kuma tuna ruwan sha ne na mutane, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da famfo ke ɗaukewa, kada ya bar musu ƙugiya ko zare a bakin ruwa.

Mako uku bayan haka muka hau hanyar Kumasi, wadda ta ratsa ta gefen Dungu, muka yi kamar awa guda muka sauka Yapei, inda gada ta haye Farin Volta. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 tabki ya yi ta hawa har ƙarshensa na arewa ya taɓo wannan wuri. Garin masunta ne: ga Gonjawa masu ƙasa, ga Battor da suka hauro daga kudu, ga kuma Hausawa 'yan'uwanmu. Wani dattijo daga cikinsu ya yarda ya ɗauke mu a kwale-kwalensa. Ya jujjuya kifin robar nan a hannunsa, ya lanƙwasa ƙugiyar da babban yatsa, ya mayar mana bai ce komai ba.

Wajen la'asar sakaliya, a gindin wani itace da ya faɗa ruwa, abu ya ci. Sanda ta lanƙwashe kamar baka, kwarkwaro ya yi ƙara, sai muka ga bakin kifi a buɗe saman ruwa yana girgiza kai. Cikin ruɗewa mai riƙe da sandar ya ɗaure birkin kwarkwaron tamau don kada kifin ya tafi da zare. Nan take zare ya ce tas. Ba a yi minti guda ba. Kafin magariba mun ƙara rasa kifayen roba biyu, amma su waɗannan ba ja aka yi ba, yanke zaren aka yi kamar da reza. Dattijon ya ce wannan aikin tsage ne, mai haƙoran nan a waje. Muka koma Dungu da akwati ya rage nauyi, da busasshen kifin da muka saya a bakin gada don kada a yi mana dariya a gida. An yi ɗin.

Daga wannan rana zuwa yanzu mun koma sau da dama, kuma kusan duk abin da ke jikin sandunan mun canza shi. Zare muka fara cirewa, muka sa mai ɗaukar kilo 20 ko fiye. A ƙarshensa muna ƙara wani mai kauri sosai kamar kamu biyu, domin giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka, amma bakinsa kamar sanfefa yake, kuma murfin kunnensa yana da kaifi, in ya juya ya goga zare a kai shi ke nan. Wannan kaifi yana yanka hannu ma, don haka ba a cusa yatsa a kunnensa in an jawo shi. Saboda tsage kuma sai an sa waya kamar taki guda kafin koto. Ba sai an aiko da ita daga waje ba. In aka warware wayar birkin keke aka ɗauki 'yan silla, ta wadatar. Ƙugiyoyin da suka zo da kayan duk mun cire su, har da ƙananan zobban da ke riƙe da su, muka sa masu kauri. Mu dai mun fi son ƙugiya mai baki ɗaya a kan mai baki uku, ba ta cika maƙalewa a itace ba, kuma a cikin ƙaramin kwale-kwale mai mutum uku ta fi sauƙin cirewa daga kifi, ko daga ƙafar abokin tafiya.

Sai maganar birki, wadda ita ce ta ci mu ranar farko. An yi shi ne don ya saki zare a hankali in kifi ya ja da ƙarfi. Ana daidaita shi tun a tudu, a ja zaren da hannu a ji yana fita da ƙyar amma yana fita. In kifi ya ci a bar shi ya gudu, a riƙe sanda a sama, a naɗe lokacin da ya tsaya. Wuri ɗaya kawai ake matsa masa, in ya nufi cikin itatuwa, shi ma da tafin hannu a jikin kwarkwaro. In ya yi tsalle a sunkuyar da kan sanda.

A cikin kotunan ƙaryar, tanar roba ba ta taɓa yi mana komai ba, kuma ƙananan kifayen nan masu tsawon yatsa sun yi ƙanƙanta. Waɗanda suka yi aiki su ne manya masu tsawon taki, masu wani leɓe a gaba da ke sa su nitse suna rangaji in ana ja. Irin wannan koto wani masunci ne ɗan ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa shi a 1936, bayan ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifi mai rauni hari. Da ɓawon itace ya yi shi, ya naɗe da takardar ƙyallin alewa. Har yau sunansa ne a jikin kwalayen. Mun kawo wannan ne don a san dabarar talaka ce tun asali, kuma ba ta fi ƙarfin maƙeranmu ba. Cokalin shinkafa na ƙarfe, a yanke mariƙinsa, a huda shi gaba da baya, a sa zobe da ƙugiya, ya kama mana tsage fiye da duk abin da ya fito daga akwatin. In ya maƙale a dutse kuma ba mai kuka.

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce: babu koton da ya kai rayayyen kifi. 'Yar karfasa kamar faɗin yatsu uku, a soke ta a baya ƙarƙashin ƙaya yadda ba za ta mutu ba, a sa 'yar dalma, a sake ta kusa da dutse ko kututture. Masuntan Yapei sun san wannan tun kafin a haife mu. Bambancin kawai su abinci suke nema, ba su da lokacin tsayawa jifa ɗari don kifi guda.

Lokaci ma yana da nasa. Giwan ruwa da asuba yake farauta, da kuma faɗuwar rana. Idonsa yana ƙyalli a duhu kamar na kyanwa. Da rana tsaka yana kwance a zurfi cikin inuwa. A shekara kuwa, daga Nuwamba zuwa farkon bazara ne ruwa ke janyewa ya washe, kifi ya iya ganin koto. Watannin Agusta da Satumba kuwa a bar kogin sam. Ban da ruwan damina, a wannan lokaci ne akan buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, ruwa ya gangaro ta Farin Volta ya cinye gonaki da gidaje, kuma an sha rasa rayuka. In hukumar NADMO ta yi shela a rediyo, da masu fatsa ma take. Ko a rani, ba ma shiga kwale-kwale sai da mai shi, kuma mun sayi rigar ruwa duk da tsiyar da ake yi mana a bakin gaɓa, domin a cikinmu mutum ɗaya ne ya iya iyo. Akwai kada a kogin. Akwai kuma tsargiya a wuraren da ruwa ke kwance da ciyawa. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan ya shiga ruwa ya tafi asibiti, maganinta ƙwayoyi ne kawai, kada ya tsaya jiƙe-jiƙe.

Akwai wani abin da ba a rubuta a jikin kwali ba. Ruwan nan yana da masu shi. Ranar da muka jefa koto ya kama tarun wani, muka ja muka yaga, mun ga ɓacin ran da ba mu taɓa gani ba, kuma da gaskiyarsa: abin da muke kira hutu shi ne tuwon 'ya'yansa. Sai da muka biya kuɗin gyara, dattijonmu ya sa baki, sannan magana ta mutu. Tun daga nan in mun isa sai mun fara gaida shugaban masunta da ɗan goro, mu tambayi inda aka yi shimfiɗar taru da mamari, mu kauce. Su ne kuma suka yi mana ƙorafin cewa manyan kifaye sun yi ƙaranci a kan yadda suka taso suka gani, suna ɗora laifin a kan taru mai ƙananan ido da masu zuba guba a ruwa. Dokar kamun kifi ta 2002 ta haramta guba da nakiya, kuma har gobe haramun ne, sai dai kogi yana da tsawo, ma'aikata kaɗan ne.

Namu ɗan abin da muke iyawa shi ne, giwan ruwan da bai kai tsawon kamu ba muna cire masa ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu mu mayar. Mun yi gardama a tsakaninmu kan manya, domin mafi girmansu yawanci mata ne masu ƙwai. Wasunmu na ganin a sake su kamar yadda masu bas ke yi a Amurka, wasu na ganin sakin kifi mai kilo 20 a gaban mutanen da ba su kama komai ba tun safe wulaƙanci ne. Ba mu daidaita ba, kuma har yanzu ba a jarraba mu ba, don mafi girman da muka taɓa fitarwa bai fi tsawon hannu ba. Cokali ne ya kama shi. Rabi muka bar wa mai kwale-kwale, rabi ya shiga miyar kuka a Dungu.

Mun aika wa 'yan Bronx hotonsa, tare da roƙon cewa in za su sake aiko da kaya su bar tanar roba, su nemo zare mai kauri da rigunan ruwa guda biyu.