Sauya Gwiwa: Aiki Yana Cire Ciwo, Motsi Ke Dawo da Sauri

Uwargida, idan kika lura da tsofaffinmu a Dayi da ƙauyukan Malumfashi da Funtuwa, za ki ga da yawansu suna tafiya suna dafa gwiwa, suna hutawa a kowace inuwa. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai, wato zaizayewar guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa, har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Ya fi kama mata, musamman bayan shekara 50, kuma ƙiba da ɗaukar kaya masu nauyi suna ƙara masa ƙarfi.

Idan magani da gashi suka kāsa, likitoci kan ba da shawarar aikin sauya gwiwa. A nan ana kankare bakin ƙasusuwan da suka lalace, a sa musu murfin ƙarfe, a sa roba mai ƙwari a tsakani. Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana cikin wuraren da ake yin sa, kuma daga Dayi hanyar Gwarzo ce ake bi. Tambayar da 'ya'ya suka fi yi ita ce: shin Inna za ta koma tafiya kamar da?

Amsar ita ce a hankali. Lafiyayyen mutum yakan ci mita 10 cikin daƙiƙa 8 ko kusa da haka. A watan farko bayan aiki, tafiyar mara lafiya takan fi ta da nawa, domin naman gaban cinya, wanda shi ke miƙar da gwiwa, yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa ko fiye. Daga wata 3 zuwa 6 ake ganin ta fara wuce yadda take kafin aikin, kuma ana ci gaba da samun ƙari har shekara guda. Duk da haka, da yawa ba sa kamo tsararsu da ba su taɓa ciwon ba, kuma kusan mutum 1 cikin 5 yakan ci gaba da jin wani ciwo.

Kada a raina saurin tafiya. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2011, kan tsofaffi fiye da 34,000, ya nuna masu tafiya da kuzari sun fi samun tsawon kwana a jimlace. Ga kuma Hajji: sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kusan kilomita 3.

Inda muke yin kuskure shi ne tausayi. Da an dawo gida sai a ce, "Inna, ki zauna, kada ki motsa," a kawo mata komai har gado. Alhali a asibiti ma tun rana ta farko ko ta biyu ake tayar da ita tsaye. Zama yana ƙara kashe naman cinya, gwiwar ta sandare. Abin da ya dace shi ne ta riƙa yin atisayen da masu gashi suka koya mata kullum, tana zagaya tsakar gida da sanda har likita ya ce ta ajiye. Ki auna mita 10, ki duba da agogon waya sau ɗaya a mako, ki rubuta, domin a nuna wa likita.

A gyara gida kuma: a samo kujerar zama a bayi maimakon tsuguno, a ɗauke tabarmi da ƙwarya daga hanya, ta yi salla a kan kujera har sai an ba ta izinin durƙuso. Idan ƙwaurinta ya kumbura, ko zazzaɓi ya zo, ko ɗinkin ya fara ruwa, a garzaya asibiti.

Binciken da aka wallafa a Ingila a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25 suna aiki. Saboda haka kada a yi ta jinkiri har cinya ta shanye, domin ƙarfin da aka shiga da shi ɗakin tiyata yana taimaka wa wanda za a fita da shi. Allah Ya ba iyayenmu lafiya, amin.