Me ke sa rezon wifi na gari yake yankewa yana dawowa?

Inda ake raba intanet tsakanin gidaje, daga wuri guda ake ɗauko shi, a bi da shi ta ƙananan akwatunan wifi da aka kafa bisa rufi ko dogayen ƙarafa. Kowane akwati yana karɓar saƙo ya miƙa wa na gaba, kamar magina na miƙa wa juna tubali. Shi ake ce wa rezon raga. Amfaninsa shi ne in hanya ɗaya ta mutu, saƙo ya bi wata.

To amma nan ma matsalar take ɓuya. Akwatunan suna aika wa juna ƴar sallama duk bayan daƙiƙa kaɗan, kowane yana ƙirga nawa suka iso, nawa suka ɓace, da haka yake zaɓen hanya. In hanya ta mutu murus, ba wuya: kowa ya bar ta. Wadda ke wahalarwa ita ce mai rabin rai, yanzu lafiya, an jima babu. Sai akwati ya yi ta sauya ra'ayi tsakanin hanyoyi biyu, kuma duk sauyi ɗaya, muryar ɗan'uwanku da ke kira ta WhatsApp daga Agadas ko Libiya sai ta tsinke.

Shawararmu ga mai kula da rezon: kada ya kama kashe akwatuna duka yana kunnawa, wannan ɓatar da sawu ne. Ya fara rubuta lokacin da abin ke faruwa. In da asuba ne, a duba batirin sola, wataƙila ya gaji, akwatin na mutuwa yana tashi. In da damina ya soma, a ɗaga kai: dogon yaro ya yi ganye tsakanin eriya biyu, jiƙaƙƙen ganye kuwa yana shanye siginar. Bayan iska mai ƙarfi, eriya kan karkace kaɗan, ido bai gani daga ƙasa.

Akwai umarnin kwamfuta mai suna traceroute da ke nuna akwatunan da saƙo ya ratsa. A maimaita shi sau da yawa. Inda jerin ke canzawa, nan ciwon yake. A gyara wannan mahaɗar, in ba ta gyaruwa a rufe ta gaba ɗaya.

Ku ƴan'uwa da ke waje kuna turo kuɗi, ku yi tambaya kafin a ce a ƙaro akwati. In duk suna kan tasha guda, kowane ƙarin zango kan rage saurin kusan rabi. A zangon gigahaz 2.4 kuma, tashoshi uku ne kawai ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. Sau da yawa ƙara tsawon ƙarfe da sabon batir sun fi sabon akwati araha, kuma su ke kashe matsalar.