Sauke Injin Tsohuwar 504: Aikin Da Ba Ya Son Gaggawa

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan ya san Peugeot 504, watau Fijo, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, sa'an nan aka yi ta harhaɗa ta a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975. Tun 2006 aka daina yin ta, saboda haka wanda injinsa ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi, gyara ne mafitarsa.

To, makanikai dattawa sun ce tun wajen kwancewa ake kashe inji. Da farko a bari ya huce sarai, a cire batir, a tsiyaye baƙin mai da ruwan lagireto. Sa'an nan a kwance wayoyi da bututan mai da salansa, kowanne a yi masa alama. A ɗaura injin da sarƙa, a tokare giya daga ƙasa, kana a raba su a hankali.

Babban haɗari kuwa yana wajen ɗage kan injin. Shi kan na alminiyon ne, gangar kuwa ta baƙin ƙarfe. In aka sassauta ƙusoshinsa da zafi, ko ba bi da bi ba, sai ya lanƙwashe. Har ila yau, silinda huɗun nan ba a jikin gangar aka huda su ba. Kwanso ne ake zurawa, ruwa na kewaye da su. In ba sauya su za a yi ba, lalle a danne su da ƙarfe kafin a juya inji, domin da sun motsa, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya lalace, ruwa ya gauraya da mai.

Kowane fistin da bawul a jera shi da lambarsa, don ya koma gurbinsa. A wanke, a auna, kafin a tafi kasuwa.

Saboda haka muna jan hankalin masu irin wannan mota, kada su tsaya kan makanike suna cewa gobe za su yi tafiya. Kayanta sai ƙara wuya suke yi, kuma gaggawa aikin Shaiɗan ce.